Ƙanena ya kamu da hodar iblis, likita kuma ta ce yana da ADHD. Me ya haɗa su?

Yayar Wani:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Na daɗe ina karanta ku ban taɓa magana ba, yau dole ta sa. Ƙanena yana Amurka, ya haura talatin, kuma hodar iblis ta kama shi. Ya daina ya koma, ya daina ya koma. Yanzu yana wata cibiyar jinya, sai likitarsa ta ce bayan hodar akwai larurar da yake ɗauke da ita tun yana yaro, ADHD, wato ƙarancin maida hankali da kasa zama wuri ɗaya, kuma tana so ta ɗora shi a kan magani. Da na bincika maganin sai na ga an ce aikinsa a ƙwaƙwalwa ya yi kama da na hodar kanta. Hajiyarmu ta ce atafau kada ya sha, an gudu ke nan ba a tsira ba. Ni kuma na rasa ta cewa. Don Allah masu sani ku taimaka mana.

Baba Mai Ritaya:
Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya shirye shi, ya yaye masa. Amma ni abin nan bai kwanta min ba. A zamaninmu yaro mai ƙiriniya sunansa mai ƙiriniya, a tsawata masa ya natsu, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yanzu kowane hali an yi masa suna an yi masa ƙwaya. Mutum ya ɗauki kuɗinsa da hannunsa ya sayi hoda, a ce wai ciwo ne ya sa shi? Ina jin tsoron a ba shi uzurin da zai jingina da shi.

Malamar Firamare:
Baba, a yi min afuwa, a nan ban bi ka ba. Na daɗe a aji. Akwai mai ƙiriniyar da idan ka zare masa ido ya shiga taitayinsa, wannan kowa ya san shi. Akwai kuma wanda za ka daka yau, gobe ka daka, jibi ka daka, yana kuka yana rantsuwa ba zai ƙara ba, kafin a tashi ya sake. Ba taurin kai ba ne, kana kallon fuskarsa ka san shi ma abin yana damun sa. Ya jefar da fensir, ya manta littafi, ya amsa tambaya kafin ka gama yin ta, a layin shiga aji ba ya iya jira. Sau da yawa kuma ba daƙiƙi ba ne, wani ma ya fi 'yan ajin kaifin kai. Irin waɗannan ne nake ganin su daga baya a bakin tasha ko a majalisar 'yan shaye-shaye, zuciyata ta yi ta ciwo.

Likitan Ƙwaƙwalwa:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Ina aikin lafiyar ƙwaƙwalwa a Ingila, kuma irin wannan haɗin muna ganin sa sosai. Ban duba ƙanenki ba, don haka ba zan ce yana da ita ko ba shi da ita ba. Abin da zan iya shi ne in faɗa miki dalilin da ya sa maganar likitarsa ba baƙuwa ba ce.

A cikin manya gaba ɗaya, kusan biyu zuwa uku cikin ɗari ne ke da ADHD. Amma a 2012 wasu masu bincike a ƙasar Holan sun tattara nazarce-nazarcen da aka yi a kan masu larurar shaye-shaye, suka tarar kusan 23 cikin ɗari suna da ita. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu ke nan. Tun kafin nan, a 1993, Kathleen Carroll da Bruce Rounsaville na Jami'ar Yale sun binciki mutum 298 da suka zo neman magani saboda hodar iblis, suka samu kusan 35 cikin ɗari suna da tarihin wannan larura tun ƙuruciya. Kuma su ne suka fara shan hodar da wuri, shansu ya fi tsanani. Idan aka juya aka duba daga ɓangaren yara, wani nazari na 2011 da ya haɗa binciken da aka bi yara har suka girma ya nuna mai ADHD ya ninka wanda ba shi da ita kusan sau biyu wajen yiwuwar kamuwa da hodar.

Baba, ina girmama maganarka, kuma akwai gaskiya a ciki: gano larura ba ya ɗauke wa mutum alhakin abin da ya aikata. Amma ba sabon suna ba ne aka ƙirƙiro jiya. Tun 1937 wani likita a Amurka, Charles Bradley, ya lura cewa yara masu wannan hali suna natsuwa a aji idan aka ba su Benzedrine, wato amfetamin, maganin sa kuzari. Binciken tagwaye kuma ya nuna gado ne ke da kaso mafi girma a cikinta, sama da 70 cikin ɗari. Bulala ba ta cire abin da aka gada.

Na Daina:
Assalamu alaikum. Ni na sha abin nan lokacin ina zaune a Turai, Allah ya taimake ni na rabu da shi. Anti, bari in gaya miki abin da ban iya gaya wa iyayena ba. Abokaina idan suka shaƙa sai surutu da rawa da jin su ne sarakunan duniya. Ni kuwa ranar farko abin da na ji shi ne shiru. Kaina da kullum yake cike da tunani goma a lokaci guda sai ya tsaya a kan abu ɗaya. Na zauna na cike takardun da suka daɗe a kan tebur ina kallon su ina kasa taɓawa. Na ce ashe haka sauran mutane suke rayuwa. Wannan shirun ne na yi ta bi, ba nishaɗi ba. Sai dai ba ya daɗewa, kafin rabin awa ya tafi, ya bar ka a ƙasa da inda ka faro. Daga baya ma shirun ya daina zuwa, sai zargin mutane da bugun zuciya da rashin barci, amma ka kasa bari.

Likitan Ƙwaƙwalwa:
Allah ya ƙara tsare ka ɗan'uwa, ka yi jarumta da ka faɗi wannan. Abin da ka kwatanta yana da tarihi a fanninmu. Edward Khantzian na Harvard ya rubuta a 1985 cewa mutane da yawa ba da ka suke zaɓar ƙwayar da suke sha ba, suna kama wadda ta fi rage musu damuwar da ke cikinsu ne, wato suna yi wa kansu magani ba tare da sun sani ba. Kafin nan, a 1983, ya ba da rahoton wata mara lafiya da hodar ta yi wa mugun kamu, ya ɗora ta a kan metilfenidet, wato Ritalin, maganin ADHD, ta samu sauƙi sosai.

Sai dai ina so zauren nan ya riƙe abu biyu. Cewa hodar ta natsar da mutum ba hujja ba ce cewa yana da ADHD. Irin waɗannan sinadarai suna ƙara wa kusan kowa maida hankali na ɗan lokaci. Kada wani ya karanta labarin ɗan'uwanmu ya yanke wa kansa hukunci. Na biyu, ra'ayin Khantzian bai bayyana komai ba. Da a ce neman natsuwa ne kawai, da masu ADHD sun taru a kan hodar sun bar sauran. Ba haka abin yake ba. Wancan nazarin na 2012 ya nuna ADHD ta ma fi yawa a masu giya da masu dangin tiramadol da hiroyin fiye da masu hodar. Taba sigari da wiwi ma suna kama su da wuri. A ganina babban abin da ke jan su shi ne garaje: aikata abu kafin tunani, kasa jiran lada mai zuwa gobe idan akwai daɗi a gabanka yanzu. Ka haɗa wannan da shekarun da aka yi ana kiran yaro wawa ko maras ji, ya faɗi jarrabawa, ya rasa aiki, ya koma cikin waɗanda suka karɓe shi yadda yake.

Mai Kemis:
Likita, duk na ji, amma ba a amsa tambayar Hajiyarsu ba, kuma ni ina bayanta. Ritalin da hodar iblis wuri ɗaya suke taɓawa a ƙwaƙwalwa, wannan mun karanta shi tun a makaranta. Mu da muke bayan kanta mun ga abin da ya faru da kodin a ƙasar nan, har sai da gwamnati ta hana shi a 2018. Mun ga tiramadol. Dukansu da sunan magani suka shigo. Yanzu a ɗauki mutumin da ya riga ya kasa riƙe kansa a damƙa masa amfetamin?

Likitan Ƙwaƙwalwa:
Malam, tambayar a wurinta take, kuma an yi ta da waɗannan kalmomin. A 1995 Nora Volkow, wadda ta zama shugabar hukumar binciken shaye-shaye ta Amurka a 2003, ta wallafa bincike tana tambayar ko metilfenidet kamar hodar yake. Ita da abokan aikinta a cibiyar bincike ta Brookhaven da ke Amurka sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutane bayan an ba su kowanne. Gaskiyarka, dukansu suna toshe hanyar da ƙwaƙwalwa ke kwashe dofamin ta mayar, sai ya taru. Dofamin shi ne sinadarin da ke gaya wa ƙwaƙwalwa cewa abin nan yana da muhimmanci, ki koma masa.

Bambancin yana cikin sauri. Hodar da aka zuƙa a hayaƙi tana isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙu, jin daɗin ya tafi cikin minti 5 zuwa 10. Wadda aka shaƙa ta hanci minti 15 zuwa 30. A hotunan Volkow rabin hodar ya bar ƙwaƙwalwa cikin kamar minti 20, metilfenidet kuwa sai kusan minti 90. Idan kuma haɗiye shi aka yi, yana ɗaukar kusan awa ɗaya kafin ya kai ƙololuwa. Hawa da sauri da faɗowa da sauri, a sake, a sake, shi ne ke koya wa ƙwaƙwalwa kamu. Abin da ya hau a hankali ya zauna tsawon yini ba ya ba da wannan fizgar. Shi ya sa ga mai tarihin shaye-shaye ba ma ba da ƙwaya mai gajeren aiki, muna ba da wadda aka tsara ta riƙa sakin maganin kaɗan-kaɗan, mai wahalar dakawa a shaƙa. Idan aka daka mai gajeren aikin aka shaƙa ko aka yi allura da ita, to ta zama abin da kake tsoro, babu ja.

Yayar Wani:
Likita na gode ƙwarai. To an taɓa gwada shi a kan masu hodar kansu, ko a kan yara ne kawai?

Likitan Ƙwaƙwalwa:
An gwada. Frances Levin ta Jami'ar Kolombiya a birnin New York ta shafe shekaru a kan wannan. A 2007 ta gwada metilfenidet a kan manya masu ADHD da kamun hodar, sakamakon gaba ɗaya bai fi na ƙwayar da ba magani a cikinta ba. Ba ta tsaya ba. A 2015 ta fitar da wani gwajin na mutum 126, tsawon mako 13, da amfetamin mai sakin kansa a hankali, kowa kuma yana zaman nasiha da ƙwararre duk mako. A makonni uku na ƙarshe, waɗanda suka ƙaurace wa hodar gaba ɗaya sun kai kusan 30 cikin ɗari a masu shan miligiram 80, kusan 18 a masu 60, sai 7 a masu ƙwayar da ba komai a cikinta. Alamomin ADHD ma sun ragu.

Ki dubi lambobin da kyau. Daga 7 zuwa 30 babban ci gaba ne a fagen da har yau babu wani magani da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi musamman domin kamun hodar iblis. Amma 30 na nufin bakwai cikin goma ba su kai ga ƙauracewar ba a wannan lokacin. Kuma an tace waɗanda suka shiga gwajin, masu ciwon zuciya da masu taɓin hankali mai tsanani ba su shiga ba, ana kuma auna hawan jininsu da fitsarinsu a kai a kai. Wanda ya ce miki ƙwayar kaɗai za ta raba shi da hodar bai faɗa miki daidai ba. Abin da take yi shi ne ta ba shi damar zama a kujera ya saurari mai nasiha har ƙarshe, ya tuna ranar ganin likita, ya ɗan yi jinkiri tsakanin sha'awa da ɗaga waya.

Mai Kemis:
To yaran da ake ɗorawa a kai tun suna ƙanana fa? Ba ana shirya su ne su zama 'yan ƙwaya ba?

Likitan Ƙwaƙwalwa:
Wannan an bibiye shi sosai domin iyaye a ko'ina suna tambaya. Wani nazari na 2013 da ya haɗa binciken da aka yi a baya ya samu cewa yaran da aka ba maganin ba su fi waɗanda ba a ba ba faɗawa shaye-shaye, ba su kuma gaza su ba. A Suwidin, inda ake ajiye bayanan lafiyar 'yan ƙasa gaba ɗaya, binciken 2014 ya nuna masu shan maganin sun fi ƙarancin matsalar shaye-shaye da kusan kashi 31 cikin ɗari. A 2017 aka duba bayanan kusan mutum miliyan uku a Amurka, aka kwatanta kowane mutum da kansa, watannin da yake shan magani da watannin da ba ya sha, aka ga zuwa asibitin gaggawa saboda shaye-shaye ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku a watannin magani. Ana iya gardama a kan ko maganin yana karewa har abada. Amma tsoron cewa shi ke jefa su, bayanan ba su goyi bayansa ba.

Anti Nas:
Ni ina aiki a sashen masu shaye-shaye a nan gida, bari in kawo abin da ya fi damuna. Yadda ake gano larurar. Mutumin da ya kwana uku bai yi barci ba saboda hoda, ko wanda ya daina jiya, dole ka gan shi ba natsuwa, ba ya riƙe magana, ransa a ɓace. Idan ka miƙa masa takardar tambayoyin nan guda shida ta Hukumar Lafiya ta Duniya zai cika ta tsaf kamar mai ADHD. Wannan takarda ta tantancewa ce kawai, ba hukunci ba ce. Ƙa'idar gano larurar ta likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka da aka sabunta a 2013 ta ce sai alamomin sun bayyana kafin shekara 12, a wuri fiye da ɗaya, gida da makaranta misali, kuma babba sai ya cika aƙalla biyar cikin tara a ɗaya daga rukuni biyun, sun daɗe wata shida ko fiye. Hodar da aka fara a shekara ashirin da wani abu ba za ta koma baya ta sa yaro ɗan aji uku ya riƙa jefar da jakarsa ba.

Don haka ƙanwata, ke da Hajiya kuna da aiki a nan, ba kallo kawai ba. Mutumin da ya girma a Kano ko Zariya ya je Amurka, likitarsa ba ta da takardun makarantarsa. Ku nemo katin sakamakonsa na firamare idan yana nan, ku duba abin da malamai suka riƙa rubutawa a ƙasa. Hajiya ta tuna yadda yake a Islamiyya, yadda yake idan an aike shi, ko yana yawan faɗuwa da jin ciwo. Da izininsa ku nemi a haɗa ku da likitar ta waya. Shaidar uwa a kan yarintar ɗanta tana da nauyi sosai a wannan bincike. Ku faɗi gaskiya ko ta wane ɓangare ta faɗa, idan yaro ne mai natsuwa a da, ku ce haka.

Baba Mai Ritaya:
To, na ji. Wannan ta neman shaidar uwa ta kwanta min, domin ba bakin mai shan kaɗai za a bi ba. Amma har yanzu ina nan a kan cewa a haɗa da addu'a da sauya abokai. Kuma ina tambaya, mu nan hodar ta dame mu ne? Na ɗauka ta masu kuɗi ce da 'yan Legas.

Anti Nas:
Baba, addu'a da sauya abokai suna cikin magani, babu likitan da zai hana. Batun yawa kuwa, binciken ƙasa da aka yi a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da ƙwayoyi a shekarar da ta gabaci binciken. Wiwi miliyan 10.6, dangin tiramadol miliyan 4.6, maganin tari miliyan 2.4, hodar iblis kuwa kimanin dubu 92. Ka ga kaɗan ce idan aka kwatanta. Sai dai hanyarta ta bi ta kanmu. A Satumban 2022 NDLEA ta kama tan 1.8 a Ikorodu, a Janairun shekarar kuma an kama sama da kilo 200 a arewacin Nijar. Inda kaya ke wucewa wani abu yana zuba. Kuma kamar yadda Likita ya faɗa, larurar ba ta zaɓar hoda. Yaron da da a Amurka yake zai kama hodar, a nan tiramadol ko wiwi zai kama. Abin da ke min ciwo shi ne a kawo matashi sau uku, sau huɗu, a wanke masa jiki a sallame shi, ba wanda ya tambayi yadda yake yana ɗan shekara takwas. Wasu ma ba asibiti ake kai su ba, gidan mari ake kai su a sa musu sarƙa.

Mai Kemis:
Na yarda da batun sauri da jinkiri, hujja ce. Amma abin da ya yi aiki a New York da awon fitsari duk mako ba shi ne zai faru a kasuwar da ake sayar da ƙwaya a leda ba. Idan maganin nan ya yi suna a cikin ɗalibai a matsayin ƙwayar karatu, mun shiga uku. Duk wanda ya zo min ba takardar likitan ƙwaƙwalwa ba zan ba shi ba, kuma ina roƙon masu karanta zauren nan kada wani ya je neman sa da kansa.

Likitan Ƙwaƙwalwa:
A wannan muna tare ɗari bisa ɗari. Mai zargin yana da larurar ya je asibitin ƙwaƙwalwa, akwai na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, ga Dawanau da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Inda ake tsoron karkatar da magani akwai atomozetin, wanda ba ya cikin dangin masu sa kuzari kuma ba a shan sa don maye, sai dai yakan ɗauki makonni kafin a ga aikinsa, kuma hujjarsa a kan rage hodar ba ta kai ta amfetamin ba. Idan mai sa kuzarin aka zaɓa, a riƙa ba da na mako ɗaya-ɗaya, wani amintacce a gida ya riƙe. Kafin a fara a auna hawan jini da bugun zuciya, a tambayi ko wani a dangi ya taɓa mutuwar fuju'a yana matashi, a kuma tabbatar babu tarihin zarge-zarge ko jin muryoyi, domin maganin yana iya tayar da su. Sannan mara lafiya ya faɗi gaskiya idan ya koma wa hodar, musamman idan yana haɗa ta da giya, domin hanta tana haɗa su biyun ta samar da wani sinadari da ya fi daɗewa a jiki kuma ya fi wahalar da zuciya. Ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi bayan shan hoda, ko mutum ɗan shekara ashirin ne, asibitin gaggawa ake nufa da shi nan take.